Kaset Ɗin Litinin na Mama Earline

Odessa Tillman ba mai yawan magana ba ce, amma in ta ce a'a, gara ka tashi ka nemi wani abin yi. Kusan shekara ashirin muna zaune gefe da gefe a masana'antar ɗinka rigunan kujerun mota a Toledo, keken ɗinkinta na dama da nawa, ban taɓa ganin wanda ya juya ta ba, har shugaban sashenmu mai tafiya da ƙirji a gaba. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tabaranta kullum rataye a wuya da igiya. Ni sunana Maxine. Ni ce mai surutu a cikinmu, ita ce mai yanke hukunci.

Daga Alabama iyayenta suka taho da ita tana ƙarama. Ta yi aure da wuri, ta auri Curtis, kyakkyawa mai daɗin baki wanda bai taɓa daɗewa a aiki ɗaya ba. Wata rana ya tattara kayansa ya ce Texas za shi, kuma ba shi kaɗai ba. Da ya zo ɗaukar uwarsa, Mama Earline, wadda ke zaune tare da su, sai tsohuwa ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Kai ka saki matarka. Ni ban saki 'yata ba. Ja min ƙofa in ka fita, sanyi na shigowa." Tun ranar suka zauna su biyu a ɗan gidan nan mai baranda, suruka da matar ɗa, suna musu safe da yamma, ba mai iya shiga tsakaninsu.

Mama Earline ta yi ƙuruciyarta tana wanki da guga a gidajen masu hali. A nan ta kamu da shirin nan na talabijin da ake yi kullum da ƙarfe ɗaya na rana, Litinin zuwa Juma'a, tana guga tana kallo. Ba ma kiran sunansa, labarinmu kawai muke ce masa. Attajirai ne a cikinsa waɗanda ba ka taɓa ganin ɗayansu ya wanke kofi ba, sai aure, sai saki, sai mantuwa, sai wani ya gano cewa ubansa ba ubansa ba ne. Na san shirme ne, kowa ya sani. Amma mu mun san mutanen nan fiye da yadda muka san wasu danginmu.

Mu masu aikin safe ba ma samun kallo, sai da Odessa ta sayi bidiyo. Ita ce ta farko a sashenmu. Ta zauna da littafinsa ta koyi saita agogonsa, a lokacin da na sauran jama'a ke ta ƙifta ƙarfe sha biyu shekara da shekaru don ba a saita ba. Daga nan Mama ta daina kallo da rana. Sai ta jira Odessa ta dawo, su sa kaset, su ɗauki shayi mai ƙanƙara, su kalla tare, don a cewarta kallo ba abokin musu ba shi da daɗi. Washegari kaset ya shigo masana'anta a jakar abinci, ya bi hannu hannu. Odessa kuwa ta kafa doka guda: ba a faɗa, gani ake yi. Wadda ta riga kallo ta kama bakinta. Wata mai suna Wanda ta taɓa suɓutar baki a wurin cin abinci ta faɗi wanda ya harbi wani alƙali, Odessa ta cire ta daga layin kaset har sanyin shekarar ya wuce. Wanda ta kawo kek, ta aiko mutane, duk a banza.

Babban musun Odessa da Mama a kan Dakta Weldon ne, mijin Lenora a cikin labarin. Shekara bakwai kafin abin da zan faɗa, jirgin ruwansa ya kife cikin guguwa, rigarsa kawai aka tsinta. Odessa ta ce ya mutu. Ta ma karanta a mujallar da ake ajiyewa a bakin wurin biya a kanti cewa ɗan wasan ya yi rigima da masu shirin ya kama gabansa.

"An ga gawa?" in ji Mama.

"Mama, teku ce fa. Kifi ya gama da shi tuni."

"Tambayarki na yi, yarinya. An ga gawa?"

"Ba a gani ba."

"To in ba a ga gawa ba, mutum bai mutu ba. Miƙo min sukari."

Haka suka yi ta yi, har mu a masana'anta muka rabu gida biyu. Ni ina bayan Odessa, don a kusa da ita nake zama kuma ina son zaman lafiya.

A shekarar 1995 abu biyu suka faɗo musu tare. Ciwon da Mama ta daɗe tana ɓoyewa ya kwantar da ita, likitoci suka buɗe suka rufe, suka ce a kai ta gida. Sannan ga wata shari'ar kisa ta wani sananne can California, wadda ƙasar gaba ɗaya ta zuba wa ido kamar ba a taɓa kashe kowa ba. Tashar garinmu ta ture labarinmu gefe, ta sa shari'a tun hantsi har yamma, lauyoyi na ta shiga suna fita. Odessa ta buga wa tashar waya har matar da ke ɗauka ta gane muryarta, tana jin gaisuwa sai ta ce, "Madam Tillman, har yanzu dai ba a canja ba." Daga baya wani direban babbar mota ya gaya mana cewa tashar garin Lima ba ta daina sa shirin ba.

Odessa tana da 'yar kawu a Lima, Thelma, mace mai tsananin coci wadda ke ganin labarinmu aikin Shaiɗan ne. Odessa ta naɗe bidiyonta a bargo, ta ɗaura masa bel a kujerar gaba, ta tuƙa sama da awa guda ta kai shi. Thelma ta yarda bisa sharaɗi: ba za ta taɓa shi ba, kuma a rufe shi da mayafin tebur kada fastonsu ya zo ya gani. Ni na ba su aron nawa bidiyon don kallo a gida. Duk Asabar Odessa ta kama hanya, ta ɗauko kaset mai shirin mako guda, ta sa sabo, ta dawo, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Na ce mata, "Ke 'yar nan, motarki ba za ta kai bazara ba." Ta ce, "Za ta kai. Na gaya mata."

To, a ƙarshen watan Maris aka sa ranar auren Lenora da wani mai kamfanin jiragen ruwa. Ina nan ranar Asabar da suka kalli na Juma'a. Coci ya cika, amarya ta sha farar riga, fasto ya tambaya ko akwai mai ja da wannan aure. Sai ƙofar coci ta buɗe, haske ya shigo, aka nuna takalmin wani namiji. Kiɗa ya tashi, shiri ya ƙare. Mama, wadda ta kwana biyu ba ta iya ɗaga kai, ta yunƙura a kan gwiwar hannu.

"Shi ne," ta ce.

"Ƙanen ango ne, Mama, wanda ke kurkuku."

"Ki jira Litinin, mai taurin kai."

Da nas ɗin da ke zuwa duba ta za ta tafi, ta ja Odessa baranda ta yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ban ji duka ba, amma na ji ta ce kada a yi lissafi da makonni. Odessa ta dawo ta ce min, "Ba zan jira Asabar ba. Litinin muna tashi aiki za mu Lima."

Lahadin nan ce ake tura agogo gaba da awa guda, kamar yadda ake yi duk shekara in sanyi ya fara ja baya. Odessa ta bi gidan ta gyara na kicin, na ɗaki, na mota, har na hannun Mama da ke yawo a tsintsiyar hannunta saboda rama. Ba wadda ta tuna da agogo guda da ke ƙarƙashin mayafin tebur a falon Thelma.

Litinin muka je muka ɗauko kaset. Na ce a ɗan sa a duba ko ya ɗauka, Odessa ta harare ni. Ta yaya za ta ga abin kafin Mama? Muka juyo, muka iso da sauran hasken rana. Muka tarar Mama ta sa maƙwabciya ta shafa mata jan baki, ta ɗora mata hularta ta zuwa coci, ruwan hoda mai fure a gefe. "Biki za ni," ta ce mana. Muka jera mata matasai, Odessa ta tura kaset.

Sai ga wasu dangi a kan kujeru suna zagin juna, 'yan kallo na ihu, wani ƙato na riƙe da wata kada ta jefi ƙanwarta da takalmi. Shirin da ke biyo bayan namu ne. Odessa ta mayar baya, ta tura gaba, ta sake mayarwa. Bidiyon ya yi aikinsa daidai, ya tashi da ƙarfe ɗaya na agogonsa, lokacin kuwa biyu ta yi a duniya. Na ga lokacin da ta gane, ta dubi agogon bango, ta dafe baki. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a ranar ba.

Mama ta sa hannu ta cire hular a hankali ta ajiye a kan bargo. "Ba komai, 'yata. Bugo wa wani a can ya faɗa mana."

"Ba a faɗa, Mama. Gani ake yi."

"Ke kika kafa dokar, ke za ki iya karya ta."

"Shekara bakwai kina jira, ba za ki ji shi a bakin wata ba. Da idonki za ki gani. Kada a mayar da hular nan cikin kwali."

Talata da safe muka buga wa masana'anta muka ce mura ta kama mu, mu biyu, lokaci guda. Damuwar Odessa ɗaya ce: yawancin masu ɗaukar shirin kaset guda gare su, su kalla, su mayar baya, na yau ya hau kan na jiya. Duk wanda ke da na Litinin, ƙarfe ɗaya na yi ya tafi. Muka fara tsayawa gidan Thelma, Odessa ta gyara agogon nan tana yi masa kallon maci amana, sannan muka shiga gari.

A wurin wankin kaya muka fara. Mata uku na naɗe zannuwa, Odessa ta gaishe su ta ce tana neman wadda ta ɗauki shirin jiya. Ɗaya ta tafa hannu. "Wayyo, 'yar'uwa, ba ki gani ba? Ai ƙofar na buɗewa sai..." Odessa ta toshe kunnuwa da yatsu ta kama rera waƙar coci da ƙarfi, ni kuma na tsaya ina ba su haƙuri ina cewa lafiyarta ƙalau. Haka muka yi a kantin magani, haka a kicin ɗin wani coci inda ake soya kaza. Kowa ya kalla, kowa bakinsa na ƙaiƙayi, ba mai kaset. Rana ta take, ƙafafuna sun kumbura, na ce mu haƙura. Ko kallona ba ta yi ba.

A shagon gyaran gashi ne mai shagon ta saurare mu har ƙarshe, ta kashe na'urar busar da gashi, ta rage murya. "Ku je wurin mijin marigayiya yayata, Roscoe Pettiford. Gida mai koriyar ƙofa bayan gidan mai. Zai ce muku bai san zancen ba. Ƙarya yake. Kuma ba ni na aiko ku ba."

Muka same shi yana kulle ƙofa, sandar kamun kifi a kafaɗa. Dogo ne, tsoho, ya yi ritaya daga matatar mai, irin mazan da ke magana kamar ana biyansu kuɗin yin shiru. Ashe kullum yakan saita bidiyo ya tafi bakin tafki wurin abokansa, in ya dawo ya ja labule ya kalla.

"Ranka ya daɗe, Mista Pettiford, kaset ɗin labarin jiya muke nema," in ji Odessa.

"Wane labari? Ni ƙwallo nake kallo, madam. Wannan na mata ne."

"Surukata ce ba lafiya."

"Allah ya ba ta lafiya. Ku ba ni hanya, ana jirana."

Odessa ba ta matsa daga kan matakala ba. Ta juyo gare ni ta ɗaga murya. "Mu tafi, Maxine, bai san komai ba. Dama na gaya miki, Dakta Weldon ya mutu, kifi ya cinye shi, kuma ko yana raye Lenora ta fi ƙarfinsa. Ragon likita ne."

"Rago?" Tsoho ya sauke sanda. "Mutumin da ya yi wa yaro tiyata a cikin lif ɗin hawa bene da wuƙar aljihu? Ke in kin ga abin da ya faru jiya da ƙofar nan ta..."

"Rufe bakinka!" Odessa ta daka masa tsawa, yatsu a kunne. "Buɗe ƙofa!"

Ya tsaya baki buɗe, ya dubi titi hagu da dama ko wani ya ji, sannan ya buɗe. Jar fitilar bidiyonsa na kunne, saura ƙiris ya fara ɗauka. Odessa ta tsallake tabarmar ƙofa ta danna, kaset ya fito, an rubuta Kamun Kifi a jikinsa. Nan take ta sa farce ta ɓalle ɗan harshen robar nan na gindinsa, wanda in babu shi ba a iya ɗaukar komai a kai. Ta zaro sabon kaset daga jaka ta tura masa a ciki.

Roscoe ya zauna a hannun kujera. Ya tambayi ko wace ce marar lafiyar, Odessa ta gaya masa, har da musun. Ya daɗe yana kallon wani hoto a kan talabijin. "Ida, matata, ita ta koya min," ya ce. "Da ta kwanta ciwo ni nake zama da ita. Ba ta kai ga na jiya ba." Ya share hanci da bayan hannu. "In tsohuwar ta gama kallo, ki ce Ida na gaishe ta. Kuma in kuka faɗa wa wani a garin nan, zan ce sata kuka shigo yi."

A mota na ce, "Odessa, kin dai ji abin da ya kusa faɗa." Ta ce, "Ban ji komai ba. Kama bel ɗinki."

Da la'asar aka sake ɗora wa Mama hula. Odessa ta zauna a bakin gado ta riƙe mata hannu. Ga coci, ga fasto, ga ƙofa, ga takalmi. Hoto ya hau a hankali, wando, riga, gemu, tabo a kumatu. Sai wata murya ta sanar cewa daga yau wani sabon ɗan wasa ne zai riƙa fitowa a matsayin Dakta Weldon. Lenora ta saki furanni ta zube ƙasa.

Mama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, muka ɗaga ta muka ba ta ruwa.

"Wannan ba shi ba ne," in ji Odessa. "Wancan ya fi tsawo. Dubi hancinsa ma."

"Ki yi shekara bakwai a ruwa mu ga naki hancin. Me aka kira shi?"

"Dakta Weldon."

"To faɗi, ina ji."

Odessa ta cire tabarau ta goge da gefen riga. "Kin yi gaskiya, Mama."

"Maxine, ke ce shaida. Mayar min baya, in sake ganin fuskar angon."

Sau uku muka kalla. Odessa ta isar da gaisuwar Ida, Mama ta ce tana amsawa, kuma da alama mace ce mai hankali.

Asabar ta zagayo, Mama da kanta ta kori Odessa zuwa Lima, wai tana son ganin yadda Dakta Weldon zai yi bayanin inda ya shiga. Ni na zauna da ita. Barci ya ɗauke ta wajen hantsi, ba ta farka ba. Da na ji ƙarar motar Odessa na fita na tare ta a baranda. Ta dubi fuskata, ta dubi kaset ɗin da ke hannunta, ta wuce kicin. Masu ɗaukar gawa suka zo suka fita da Mama ta falo, ita tana tsaye ta juya baya tana wanke kofunan da ba su da datti. Ita ta shirya komai, ta zaɓi riga, ta goge ta, ta ba ni tare da hular ruwan hoda ta ce in kai.

Ranar jana'iza coci ya cika, sashenmu gaba ɗaya ya zo, har Wanda. Curtis ya iso daga Texas yana kuka mai sauti don a san ya zo. Aka buɗe akwati a gaba kamar yadda aka saba, masu farar safar hannu suka fara tayar da mutane layi layi, kowa ya je ya yi kallon ƙarshe. Na ji ana cewa an gyara ta da kyau, kamar za ta yi magana. Aka zo layinmu, na miƙe. Odessa na zaune, jaka a cinya, idonta a kan bangon gefe. Mai safar hannu ta miƙo mata hannu, ba ta karɓa ba.

Na sunkuya na ce, "Tashi, 'yar'uwa. Za a rufe. Ki je ki gan ta."

Hawaye na bin fuskarta, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ni ban ga gawa ba, Maxine."

Na koma na zauna kusa da ita. Muna nan zaune, mu biyu, har aka rufe akwatin.